Miya ba nama, ba sai an ba da haƙuri ba (zare)

1/
Jama'a, yau zaren girki ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, gidaje da yawa a Kankia nama ya zama baƙo, sai ranar suna ko sallah. Rashin naman da sauƙi. Abin da ke ci mini rai shi ne kunyar da ta biyo baya: an yi miya mai daɗi, amma uwar gida tana ajiye kwano tana cewa "a yi haƙuri, ba nama."

2/
Ni ɗaliba ce, kuɗin da Baba ke turo mini a wata ba sa ɗaukar nama. Shi ya sa na koma YouTube ina kallon yadda wasu ƙasashe ke girki da wake da ganye. Abin da na gano: yawancin girkin da suke alfahari da shi, muna da ɗan'uwansa a gida. Mu ne dai muka sa wa namu suna abincin talaka.

3/
Mu fara da Masar. Abincin da ake ce wa na ƙasa a can sunansa koshari: shinkafa, adas, taliya, miyar tumatir mai tsami, sai soyayyar albasa a sama. Ko tsoka ɗaya babu. A Alƙahira akwai gidajen abinci da shi kaɗai suke sayarwa. Ku cire adas ku sa wake, me ya rage? Garau-garau da taliya.

4/
Yadda nake yi: na dafa shinkafa da wake kamar kullum, taliya daban. Albasa manya uku, a yanka siriri, a soya a wuta kaɗan-kaɗan har ta yi ja ta yi ƙaras-ƙaras. Da man albasar nake soya tumatir da tafarnuwa, na matsa lemon tsami a ƙarshe. Sirrin yana wurin albasar, kar a yi mata gaggawa.

5/
Indonesiya na da gado-gado: dafaffen ganye da kabeji da ƙwai, a kwarara musu miyar gyaɗa. Wallahi da na gani dariya na yi, kwaɗo ne. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa. Abin da na aro daga wurinsu: ɗan ruwan tsamiya da sukari kaɗan a cikin ƙulin. Ku gwada, ɗanɗanon yana tashi.

6/
Indiya kuwa, miliyoyin mutane ba sa cin nama sam, kuma dal ne abincinsu na yau da kullum. Ina surfa wake kamar na alala, na dafa shi da kurkum da gishiri har ya narke. Sai na soya tafarnuwa, citta da busasshen barkono a mai, na juye a kai yana ƙara. Wannan juyin na ƙarshe suke kira tadka. Da shinkafa ko gurasa, an gama.

7/
Wanda ya taɓa zuwa Makka ya san ful da tamis, karin kumallon da ake layi a kansa. Wake ne da aka dafa ya yi lugub, a farfasa shi, a sa mai da lemon tsami da albasa. Alhajinmu zai dawo yana yabon ful, amma a ba shi faten wake da safe ya ce ba a girmama shi ba.

8/
Riɗi ma haka. Najeriya na fitar da shi buhu-buhu zuwa Japan da Turkiyya da Sin, mu a gida sai kantu. Larabawa na soya shi sama-sama su niƙa da ɗan mai ya zama tahina. Ina dama cokali biyu da ruwa da lemon tsami da tafarnuwa, na zuba a kan gasasshen yalo ko dankalin Hausa.

9/
Awarar da yara ke saya a bakin makaranta ita ce tofu, wadda mutanen Sin suka ɗauki ɗaruruwan shekaru suna ci. Su ba sa tsayawa a suya da yaji. Ina yanka ta ƙanana, na soya, na jefa cikin tattasai da kabeji da citta a wuta mai ƙarfi minti 5. Ƙannena sun fi son ta da taliya.

10/
Masu tambayar ƙarfin jiki: hatsi da wake suna cike giɓin juna. Sinadarin gina jiki da ya yi ƙaranci a shinkafa da gero yana da yawa a wake, wanda ya yi ƙaranci a wake kuma hatsi na da shi. Tumatir da lemon tsami na taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe, shayi a kan abinci yana rage shi.

11/
Amma a kula: bitamin B12 ba a samunsa a ganye ko wake. Sai nono, kindirmo, ƙwai, kifi ko nama. Don haka ban ce a bar su ba. Fura da nono na nan, ƙwai ɗaya a kan kwaɗo ma ya taimaka, musamman ga yara da masu juna biyu.

12/
A hutun da ya wuce na kai wa Goggona ta Kusada dal da shinkafa. Ta ci, ta ce, "'Yar nan, wannan ai miyar wake ce aka hana ta daddawa." Ta ce lokacin da suke tasowa nama sai ranar kasuwa, in an samu. Tuwon dawa da miyar kuka ko kuɓewa, da shi aka yi noma, da shi aka raini iyayenmu, kuma ba wanda ya ba da haƙuri a kai.

13/
Tun daga nan nake jefa daddawa a dal ɗina, ko Indiyawa sun yarda ko ba su yarda ba.

14/
Ba ni da faɗa da tsire ko balangu, ranar layya ni ce a gaban tukunya. Kuma girki ba zai sauke farashi ba, waken ma ya yi tsada. Roƙona ɗaya: iyayenmu mata su daina jin sun gaza don miya ba tsoka. Maza kuma, in an kawo kwano, a daina tona miya ana neman abin da kun san ba ku sayo ba.

15/
Yanzu ku faɗa mini: wane girki ne ba nama da ake yi a gidanku, wanda baƙo ke neman ƙari? Masu dambun zogale da 'yan ɗanwake, ina jiran ku.