Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

A wata kwalejin ilimi ta ƙasar Hausa an taɓa yin wata ɗaliba wadda malaman Sashen Hausa suka shaida da hazaƙa. Idan aka yi jarrabawar tsarin sauti ko ginin jimla, ba ta wuce ta ɗaya ko ta biyu. Rauninta guda ne, wato ba ta iya tsayawa gaban jama'a ta yi magana. Ta tashi a gidan da 'ya mace ba ta ɗaga murya gaban manya, kuma tun daga firamare har ta gama sakandare ba wanda ya taɓa neman ta faɗi abin da ya wuce amsar tambaya.

Asirinta ya tonu ne a shekara ta biyu, ranar ƙaramin gwajin koyarwa, inda kowane ɗalibi kan koyar da 'yan ajinsu na 'yan mintoci, malami yana dubawa. Darasinta a kan tsawon wasali ne, abin da ta fi kowa sani. Ta ɗauki alli ta rubuta "gari" sau biyu a allo, da nufin nuna bambancin garin da ake zama da garin da ake tuwo. Da ta juyo ta ga idanu a kanta, sai murya ta maƙale. Ta furta kalmomin ƙasa-ƙasa, ko na bencin gaba bai ji bambancinsu ba. Wasu suka yi dariya. Ta ajiye allin ta koma mazauninta, lokacinta bai ko kai rabi ba.

Al'amarin ba ƙarami ba ne. Takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar da Manufar Ilimi ta Ƙasa ta amince a shiga aikin koyarwa da ita a Nijeriya, kuma Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1989, ta wajabta wa kowane ɗalibi fita gwajin koyarwa a makarantu. Wanda ya faɗi wannan gwaji ba ya samun takarda, komai yawan makinsa a sauran darussa. Mahaifinta kuwa manomi ne, sai ya sayar da hatsi yake biya mata kuɗin makaranta.

Malamin da ya duba gwajin shi ne uban Ƙungiyar Hausa ta kwalejin. Washegari ya kira ta ofis, ya umarce ta da ta riƙa halartar taron ƙungiyar na kowace Laraba da yamma. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah ya gafarta Malam, karatu aka turo ni. Baba ba zai so ya ji ina wasan kwaikwayo ba."

Malam ya ce, "'Yata, ilimin da ke kanki na ɗalibanki ne. To, ta wace ƙofa zai fita idan baki ya ƙi buɗewa? Baɗi za ki fita gwajin koyarwa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya."

Haƙiƙa maganar Malam tana da tushe a tarihin malanta a Arewa. Malam Aminu Kano ya fara rubuta wasannin kwaikwayo tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna. Da ya zama malami a Makarantar Midil ta Bauci, shi da Malam Sa'adu Zungur da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suna cikin waɗanda suka raya zauren tattaunawa na Bauci da aka fara a 1943, kuma a 1948 ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa. A irin waɗannan zaurukan ne malaman makaranta suka goge da magana, har ƙasa ta saurare su.

Da ta je hutu ta shaida wa mahaifinta. Ya yi shiru, sannan ya amince bisa sharaɗi biyu: ta kiyaye suturarta, kuma magariba ta same ta a ɗakin kwana.

Ba a jefa ta dandali kai tsaye ba. Aikinta na farko shi ne zama bayan labule da littafi a hannu, tana tuna wa 'yan wasa layin da suka manta. Ko wannan ma sai da ta koyi fitar da murya yadda ɗan wasa zai ji. Daga nan aka ba ta karanta labarun mako, sannan aka sa ta a muhawara. Ranar farko ta sha kashi, amma 'yan'uwanta suka nuna mata inda ta yi sauri da inda ta haɗiye ƙarshen jimla. Gyaran tsara ya fi saurin shiga, domin babu maki a cikinsa, babu kuma fargabar faɗuwa. Sannu a hankali ta koyi jan numfashi kafin doguwar jimla, da duban na bayan zaure, da yin shiru har surutu ya lafa. A Makon Hausa na wannan shekara ta fito a wasan Uwar Gulma na Mohammed Sada. Daga baya aka zaɓe ta magatakardar ƙungiya, ta riƙa rubuta rahoton taro da Hausa tana karanta shi a tsaye.

Da lokacin gwajin koyarwa ya yi, aka tura ta wata ƙaramar sakandare inda ɗalibai suka fi kujeru yawa. Ranar da mai dubawa ya zo ya zauna a baya, darasin nan dai ta ɗauka, ta haɗa da karin sauti. Ta fito da yara biyu, ta ba ɗaya ƙullin garin kuka, ta ce ɗayan ya kwaikwayi mai kuka. Aji ya ɗauka da dariya. Ta jira dariyar ta lafa, sannan ta sa su furta kalmomin biyu har kunnensu ya kama inda murya ta hau da inda ta sauka. Ta ci gwajin, ta sami takardarta.

Wannan ba ya nufin kowace ƙungiya alheri ce. Akwai wadda ba ta da aiki sai karɓar kuɗin rajista da shirya walima, akwai kuma ɗalibin da ƙungiya kan cinye wa lokacin karatu har ya maimaita darasi. Ma'auni shi ne ɗalibi ya tambayi kansa a ƙarshen zango: me na iya yanzu wanda ban iya ba a da? Wanda ya koyi tsayawa gaban jama'a da riƙon amanar kuɗi da karɓar gyara, gobe zai amfani ajinsa, zai kuma amfani Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya, wadda ke tattara malamai tun 1931. Shekara uku ce kawai a kwaleji, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.