Saura Harafi Ɗaya

Ana saura kwana uku in miƙa aikina na karin magana, sai manhajar da nake ɗebo rubuce-rubucen Hausa da ita ta cije. Hankalina ya tashi. Wani abokina ɗan sashen kwamfuta ya ce, "Malam, tukuna, mu gwada mabuɗinka na API." Wato dogon jerin haruffan nan da ake haɗawa da kowace buƙata, don kwamfutar can ta san mai sallama. Muka aika 'yar ƙaramar buƙata, amsa ta dawo 401, wai ba a san ni ba. Da 403 ce, to an san ni, izini ne babu. Ashe wajen kwafe mabuɗin na baro harafin ƙarshe, ni da nake gyara wa mutane ƙa'idojin rubutu! Na cika shi, sai ga 200.