Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Wuni Guda Cikin Tsofaffin Motoci a Beaulieu

Wata ranar Lahadi cikin watan Yuli, ɗan yayata da ke karatu a birnin Southampton na kudancin Ingila ya ƙwanƙwasa mini ƙofa tun rana ba ta ɗaga ba. Ya ce, "Kawu, shirya mu tafi kallon tsofaffin motoci." Na dube shi na ce, yanzu na baro Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, na keto hazo har ƙasar Turawa, sannan ka rasa abin da za ka nuna mini sai akwala? Ya yi dariya ya ce ai gani ya kori ji. Na bi shi don kada in gwale yaro, ban san cewa abin da zan gani zai hana ni barci a daren ba.

Tafiyar ba ta fi ta rabin sa'a ba. Hanyar ta ratsa wani daji da suke kira New Forest, wato Sabon Daji, ko da yake tun wajen shekarar 1079 Sarki William ya keɓe shi domin farautarsa. Ƙananan dawaki da jakuna suna yawo a sake babu makiyayi, kuma su ke da iko da titi. Idan jaki ya ga dama ya tsaya a tsakiyar kwalta, direba ba shi da abin yi sai haƙuri. A nan na fara ganin ayarin da muka fito dominsa: wata ƙaramar mota koriya mai buɗaɗɗen rufi, tsoho da tsohuwarsa a ciki, iska tana kaɗa furfurarsu, a bayansu wata tsohuwar Land Rover tana tafe tana nishi, duk sun jeru suna jiran jaki ya gama shawara.

Sunan garin Beaulieu, kalmar Faransanci ce mai nufin kyakkyawan wuri, amma mutanen Ingila "Byuli" suke furta ta. A shekarar 1204 Sarki John ya kafa gidan ibada na sufayen Kirista a wurin. Da Sarki Henry na Takwas ya rushe irin waɗannan gidaje, sai aka sayar da filin a 1538, kuma zuriyar wanda ya saya, iyalan Montagu, su ne a ciki har yau. Gidan da suke zaune, Palace House, asalinsa babban zauren shiga gidan ibadar ne, aka yi ta faɗaɗa shi. Ga kogi a gefe, ga lambu, ga ragowar bangayen dutse da suka haura shekara 800.

A fili mai ciyawa da ke kusa da gidan aka jera motocin, ƙungiya-ƙungiya, kowace da tutarta. Masu Morris Minor suna gefe guda, masu MG suna nasu, haka masu Mini da masu Ford Cortina. Tsarin ya tuna mini da ranar hawan salla, yadda kowane hakimi ke tsayawa da jama'arsa, kowa ya ci ado ya yi wa dokinsa kwalliya. An ɗaga murfin injin kusan kowace mota domin mai kallo ya leƙa. A gaban gilashi an ajiye takarda mai bayanin shekarar ƙira da yawan hannayen da motar ta bi. Masu motocin kuwa suna zaune a bayansu kan kujerun naɗewa, ga shayi a fulas, ga burodi, ga kare kwance a ƙarƙashin tebur. Bazarar Ingila gajeruwa ce, kuma ba ta da alkawari, shi ya sa kowa ya taho da lema. Amma idan rana ta fito a wannan lokaci, ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, don haka suke cin moriyarta kamar yadda manomi ke cin moriyar damina.

Na tsaya wurin wani dattijo mai Morris Minor irin wadda aka yi wa bayanta firam na katako. Wannan samfuri na Minor ya fito a 1948, aka daina ƙera shi a 1971, kuma shi ne motar Birtaniya ta farko da aka ƙera guda miliyan ɗaya. Dattijon ya ce shi tsohon ma'aikacin gidan waya ne, motar kuma irin ta mahaifinsa ce, wadda yake kai su bakin teku a cikinta suna yara. Ya same ta a wata rumfar gona, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Shekara shida ya yi yana gyaranta a garejin gidansa, ƙusa bayan ƙusa. Ya nuna mini kundin hotuna na kowane mataki, tun tana tsatsa har ta koma tana ƙyalli. Na tambaye shi nawa za ta yi idan zai sayar. Ya ce abin da ya kashe mata ya fi abin da za a taya ta, kuma matarsa ba ta san jimillar ba. Matar tana gefe tana saƙa, ba ta ko ɗago kai ba ta ce ta sani sarai.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wata yarinya, jikarsa, wadda ba ta wuce shekara goma sha biyu ba. Tana riƙe da sufana, tana yi wa wani baƙo bayanin yadda ake daidaita kabureta. Kakan ya ce ita za ta gaji motar, kuma sharaɗinsa guda ne: sai ta iya kwance fulogi ta mayar da hannunta.

Mai karatu zai tambaya, kamar yadda na tambaya, me ya haɗa gidajen sarauta da taron makanikai? Amsar tana cikin tarihin haraji. A 1894 Birtaniya ta kafa harajin gado a kan dukiyar mamaci, aka yi ta ƙara shi, har a 1949 mafi girmansa ya kai kashi 80 cikin 100. Da Duke na Devonshire ya rasu a 1950, magadansa sun fuskanci bashin haraji na kusan fam miliyan 7, har suka miƙa wa gwamnati ɗaya daga cikin manyan gidajensu, Hardwick Hall. Yaƙe-yaƙen duniya biyu sun riga sun kwashe barori da ma'aikata, kuɗin gona ya faɗi, rufin gida mai ɗaki ɗari kuwa ba ya jiran kowa idan ya fara yoyo. Ɗaruruwan irin waɗannan gidaje aka rushe a ƙarni na 20. Asarar ta kai ga gidan tarihi na Victoria and Albert da ke Landan ya shirya baje koli na musamman a kanta a 1974.

Waɗanda suka tsira su ne waɗanda suka sauke girman kai suka buɗe ƙofa ga talakawa, suna karɓar kuɗin shiga. Gidan Longleat ya buɗe a 1949, daga baya a 1966 ya kawo zakuna domin jan 'yan kallo. Shi kuwa Edward Montagu na Beaulieu, wanda mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara biyu, ba shi da zakuna, amma yana da tarihi. Mahaifinsa John Montagu yana cikin mutanen farko da suka rungumi mota a Birtaniya, ya kuma yi mata yaƙi a majalisa a zamanin da ake kallonta a matsayin abin tsoratar da dawaki. A 1952 Edward ya jera tsofaffin motoci biyar a zauren gidansa domin tunawa da mahaifinsa, ya buɗe wa jama'a. Daga waɗannan biyar aka kai ga Gidan Tarihin Motoci na Ƙasa da aka buɗe a 1972, wanda yau ke ɗauke da ababen hawa sama da 250. A ciki na ga Golden Arrow, wadda Henry Segrave ya tuƙa a 1929 ta yi gudun mil 231 a sa'a guda a gaɓar tekun Daytona ta Amurka.

Ashe dai cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne. Gidan yana buƙatar kuɗin gyaran rufi, masu motoci suna buƙatar fili mai kwarjini da zai dace da abin da suka raina. Haka abin ya bazu a faɗin ƙasar. A gidan Goodwood na Duke na Richmond, tun 1993 ake yin bikin gudun motoci a kan hanyar da ta ratsa gaban gidan. A fadar Blenheim, inda aka haifi Winston Churchill a 1874, ana baje kolin motocin alfarma duk shekara. Hukuma ma ta sa hannu: motar da ta cika shekara 40, matuƙar ba a sauya mata kamanni sosai ba, ana ɗauke mata harajin hanya da gwajin lafiyar mota na shekara-shekara. A Beaulieu kuma, tun 1967 ake cin wata kasuwar tsofaffin kayan gyara duk watan Satumba, inda mutum zai taso daga wata ƙasa domin neman marfin tanki ko fitilar motar da aka daina ƙerawa tun kafin a haife shi. Da ɗan yayata ya gama kwatanta mini ita, na ce ai wannan Panteka ce, sai dai tasu an yi mata rajista da mutunci.

Kada in yi wa mai karatu kwalliyar da ta wuce gaskiya. Taron nan hawa biyu ne. Akwai na irin tsohon ma'aikacin gidan waya, akwai kuma na attajirai, inda mota ta zama kadara kamar zinari, ana kawo ta a rufe cikin babbar mota, ba ta taka kwalta sai ciyawa. A 2018 an sayar da wata Ferrari 250 GTO a gwanjo a Amurka kan sama da dala miliyan 48. Haka kuma ɗan ƙasar da aka yi wa mulkin mallaka ba zai shiga irin waɗannan gidaje zuciyarsa wasai ba. A 2020 hukumar National Trust, mai kula da gidajen tarihi da yawa a ƙasar, ta fitar da rahoto da ya nuna wurare 93 daga cikin waɗanda ke hannunta suna da alaƙa da mulkin mallaka ko cinikin bayi. Sannan a filin da na zaga, furfura ta fi baƙin gashi yawa. Gwamnati ta ƙudura daina sayar da sababbin motoci masu amfani da fetur zalla nan da 'yan shekaru, matasa kuma sun tashi sun tarar da motar da ake bincikar ciwonta da kwamfuta. Damuwar dattawan ita ce ranar da za a wayi gari ga motar amma babu hannun da ya san ta. Shi ya sa jikar nan mai sufana ta fi motar kanta daraja a idon kakanta.

Da azahar ta yi muka keɓe gindin wata bishiya muka yi salla, sannan muka ci gaba da zagayawa. A can ƙarshen layi, cikin motocin Faransa, na yi kiciɓis da ita: Peugeot 504, fara sol, an goge ta kamar amarya, mutane sun kewaye ta suna ɗaukar hoto. Na tsaya kamar an dasa ni. Wannan fa ita ce Fijo da aka yi ta haɗawa a Kaduna tun bayan buɗe masana'antar a 1975 har cikin shekarun 2000. Ita ta kai amarenmu ɗakunansu, ta kai alhazanmu filin jirgi, ta yi jigila tsakanin Kano da Maiduguri da fasinja da buhunan hatsi, ta ɗauki gwamna ta ɗauki ɗan tasha. Mai ita ya ga yadda nake kallonta, ya tambaye ni ko na santa. Na ce a cikin irinta na koyi tuƙi, kuma a ƙasarmu an haɗa dubbanta. Ya ce lallai ƙungiyar masu 504 ta ƙasarku babba ce. Na yi shiru, domin na tuna inda tamu ta ƙare: a hannun 'yan gwangwan, an auna ta a sikeli, an sare ta da gatari.

Na san amsar da za a ba ni, cewa mai neman abin sawa a bakin salati ba ya kiwon tsohuwar mota, kuma gaskiya ne. To amma talauci bai isa ya zama dukan uzurinmu ba, domin masu hali a cikinmu ma sabo suke bi. Attajirinmu zai rushe soron kakansa mai dagi da zanen magina na gargajiya ya dasa bene mai gilashi, ya sayar da motar mahaifinsa da kuɗin da bai kai na taya ɗaya na sabuwar ba. Alhali muna da duk abin da Beaulieu ta fara da shi. Muna da gidaje masu tarihi irin su Gidan Makama a Kano da Arewa House a Kaduna. Muna da fadoji da gidajen manyan 'yan kasuwa inda tsofaffin motoci ke kwance cikin ƙura. Makanikanmu kuwa, waɗanda suka riƙe 504 da Land Rover a kan hanya shekara da shekaru da dabara da kayan aro, ba su da abin da za su koya daga wani. Mun kuma san darajar abin hawa a matsayin shaidar tarihi, tunda motar da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976 tana ajiye a gidan tarihi na Legas, jama'a suna zuwa ganinta.

Ba sai an jira gwamnati ba. Montagu da mota biyar ya fara. Mutum goma masu tsofaffin Fijo da Marsandi da Volkswagen, su samu izinin wani fili mai tarihi rana ɗaya a shekara lokacin hunturu, su gayyato tsofaffin direbobi da makanikai su ba yara labarin hanyoyin da suka bi, an kafa harsashi ke nan. Dattawan da suka san waɗannan injina suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane ya tafi da abin da ke kansa.

Da yamma ta yi, motocin suka fara fita a jere, kowace da irin kukan injinta, masu su suna ɗaga wa juna hannu. A hanyar komawa ɗan yayata ya ce, "Kawu, ina 504 ɗin Alhaji take yanzu?" Yana nufin ta mahaifina, kakansa. Na ce tana bayan gida a ƙauye, tayoyinta sun nutse cikin ƙasa, kuma wani mai sayen ƙarfe ya taya ta kafin in taso. Tun kafin mu fita daga dajin na kira ƙanena a waya, na ce kada kowa ya taɓa ta sai na dawo.