Tafiya Zuwa Zauren Albert a Daren Makaɗan Chineke!

Hanyar da take kai matafiyi zauren Royal Albert a birnin Landan tana farawa ne daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta South Kensington, ta bi tsakanin manyan gidajen adana kayan tarihi da na kimiyya, har ta ɓulle ga wani katafaren kewayayyen gini na jan bulo wanda aka buɗe a 1871. A nan ake yin bikin kiɗan bazara da ake kira Proms, wanda aka fara a 1895, kuma a lokacin bikin filin tsakiyar zauren ba a sa masa kujeru, domin mai ƙaramin ƙarfi ya sayi tikiti mai rahusa ya tsaya dab da makaɗa.

Matafiyin ya bi wannan hanya a daren 30 ga Agusta 2017 domin sauraron Chineke!, okestirar da Chi-chi Nwanoku, wadda mahaifinta ɗan Nijeriya ne, ta kafa a 2015 don makaɗa baƙar fata da na sauran ƙabilu marasa rinjaye a Turai. Okestira kuwa taron makaɗa ne masu goge da sarewa da ƙaho da ganguna, waɗanda suke karanta kiɗa daga takarda, yayin da madugu guda yake ja musu gora da 'yar sanda. Madugun wannan dare shi ne Kevin John Edusei.

An buɗe da sabon kiɗan Hannah Kendall mai suna The Spark Catchers, wanda ba a taɓa kaɗa shi a bainar jama'a ba, kuma tushensa wata waƙa ce ta Lemn Sissay a kan 'yan matan masana'antar ashana da suka yi yajin aiki a gabashin Landan a 1888. Sheku Kanneh-Mason, saurayi ɗan shekara 18, ya kaɗa selo, wato babban gogen da ake riƙewa tsakanin gwiwoyi, sannan Jeanine De Bique ta rera waƙoƙin Handel da wata ta Joseph Bologne, wanda aka haifa a tsibirin Gwadalup a 1745, ɗan wata baiwa, ya shahara a Faris, daga baya masu shirya taruka suka yi watsi da shi shekaru aru-aru.

Abin da ya fi ratsa matafiyin shi ne Lyric for Strings na George Walker, kiɗan 'yan mintoci da masu goge zalla suke yi a hankali, sautin yana hawa sannu a hankali kafin ya lafa. Walker ya tsara shi a 1946 don tunawa da kakarsa wadda ta rayu cikin bauta a Amurka, kuma shi ne baƙar fata na farko da ya ci lambar Pulitzer ta kiɗa, a 1996. Duk wanda ya ji shi kusa da Handel a zama ɗaya zai gane cewa ba rashin inganci ya hana irin waɗannan ayyuka fitowa ba, illa dai masu tsara jadawali sun saba da maimaita sunaye kaɗan, abin da yake tauye wa masu sauraro haƙƙi. A wannan dare Walker yana raye da shekara 95, kuma ya rasu a watan Agustan 2018.