Dutsen da ya kuskure bai rasa masauki

A ƙauyenmu na ƙasar Ɗambatta gona na jingine da gona, gida na kallon gida. Saboda haka duk dutsen da ya bar danƙo bai sami abin hari ba, a kan dukiyar wani yake sauka.

Ina ɗan shekara 11 na koyi wannan darasi. Na auna kurciya a kan gawo, sai ga shi na fasa idon akuyar maƙwabciyarmu, wadda ita ce kaɗai jarinta. Mahaifina bai dake ni ba. Ya tasa ni gaba na je na ba da haƙuri, sannan ya ɗora gwangwanin tumatir a kan kututture, ya ƙirga taku goma.

"Sai ka kayar da shi sau goma a jere," in ji shi, "kafin ka sake ɗaga gwafa sama."

Ya hana ni tsakuwa, domin kowace da nauyinta. Sai na mulmula yumɓu daidai wa daida, na shanya. Ya yanka robar tsohon tif gida biyu, tsawo ɗaya. Ya ce kullum in ja fatar zuwa wuri guda a kunci, in riƙe numfashi, in saki ba tare da fizga ba. Sai da aka gama sussukar dawa na cika goman.

Yau ni nake ƙirga wa ɗana taku goma bayan la'asar. Kafin ya ja robar, nakan tambaye shi: mene ne a bayan gwangwanin?