Mangwaron Kakana da Zaton da Na Yi wa Maƙwabcina



Tun da bazara ta kama, motocin mangwaro suka fara sauke kaya a tashar Funtua, yara kuma suka cika bakin hanyar Bakori zuwa Malumfashi da farantai a ka, zuciyata take ta raya mini in rubuta wannan bayani, domin shekaru da dama ke nan ina ɗauke da wata lalura wadda, ko da yake ba ta kisa, ta isa ta hana mutum barci mako biyu cur, ta kuma isa ta shuka gaba tsakanin maƙwabta matuƙar an jahilci sababinta.

Kakanmu, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana garka a wata fadama kusa da Malumfashi, da itatuwan mangwaro waɗanda inuwarsu ta raini ubanninmu kafin ta raine mu, akwai mai zare, akwai ɗan aure, akwai Binta Suga guda ɗaya da muke faɗa a kanta muna yara. A cikinsu na tashi, ina hawa ina sauka, ina gatsar nunanne da ɓawonsa ruwan yana bin gwiwar hannuna, ban taɓa ganin illa ba, sai da na haura talatin da haihuwa. Wata Asabar na ɗauki gora na yini ina kaɗo wa masu sari, ruwan nan mai danƙo da ke tsartowa daga mariƙin ɗan yana sauka a wuyana da damatsana, na koma gida lafiya lau, na kwana lafiya lau. Sai a dare na biyu na farka da wani irin ƙaiƙayi wanda susa ba ta kashe shi sai dai ta hura shi. Kafin asuba leɓɓana sun kumbura sun tsage, fatar idanuna ta yi nauyi har ina ɗaga ta da yatsa, a damtsena kuwa ƙuraje masu ruwa sun jeru a layi, layi bayan layi, kamar an zana su da alƙalami. Alwala kanta ta zama jarrabawa, har sai da na tambayi limaminmu, ya karantar da ni hukuncin shafa a kan tsumman da aka ɗaure ciwo da shi.

Daga nan fassara ta yawaita. Wani ya ce karara ce na ratsa, wani ya ce ƙaiƙayin dawa ne ya maƙale a rigata, alhali duk manomi ya san waɗannan biyun nan take suke kama mutum, ba sa jiran kwana biyu. Wani mai kemis ya dube ni daga nesa ya ce borin jini ne, ya yi mini allura. Amma maganar da ta zauna a gidanmu ita ce ta gwaggona, wadda ta kama hannuna ta juya shi ta ce, "Ɗan nan, wannan rubutu ne a jikinka, ba ciwon Allah da Annabi ba ne. Ka tuna da wa kuka yi sa-in-sa a kan iyakar garka." Haƙiƙa kuwa mun yi, da wani dattijo maƙwabcinmu, a kan 'yar tazarar da ba ta kai taku biyar ba. Da ciwon ya dawo a bazara ta biyu, ya sake dawowa a ta uku, kullum bayan na je garkar, sai zato ya rikiɗe ya zama yaƙini a zukatanmu, gaisuwa ta yi sanyi, matanmu suka daina shiga gidansa barka ko jaje. Wannan shi ne abin da ya fi yi mini ciwo har yau, fiye da ƙurajen.

A shekara ta huɗu wani abokina malamin makaranta ya matsa mini na tafi asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Likitan fata ya saurare ni a natse, ya tambayi wata da ranar da abin ke tasowa, sa'an nan idonsa ya sauka a kan wani tsohon tabo a hannuna na hagu, ya ce, "Malam, wannan harafin da me aka rubuta shi?" Na ce da man ƙwallon yazawa, wadda wasu ke kira kashu, kamar yadda samarin zamaninmu suke huda ƙwallon su zana farkon sunansu, fata ta ƙone ta yi baƙi ta bar shaida. Ya ce mai yiwuwa ne ƙwarai a nan jikina ya fara sanin wannan dafi, domin mangwaro da yazawa dangi ɗaya ne a ilmin tsirrai, su da danya da farun da ke dazuzzukanmu, kuma man da ke cikin kwasfar yazawa da wanda ke cikin ɓawon mangwaro da ganyensa da danƙonsa 'yan'uwan juna ne na kusa. Garkuwar jiki, in ji shi, idan ta riga ta ɗauki abu a matsayin maƙiyi, ba ta mantuwa, kuma rundunar da take turowa a irin wannan yaƙi ba ta isowa sai bayan yini ɗaya zuwa uku, shi ya sa mai ciwon yake neman sababi a abin da ya ci yau, alhali sababin yana shekaranjiya.

Daga baya na karanta cewa mutanen Amurka sun fi kowa sanin wannan bala'i, saboda wata ciyawa mai yaɗo, mai ganye uku-uku, da suke kira foizin aibi, ita ma daga wannan dangi, wadda aƙalla rabin manyansu jikinsu ba ya jure ta. Man da ke cikinta sunansa urushiyol, an ciro sunan daga urushi, wato danƙon wani itace da mutanen Japan suke shafe akusa da akwatuna da shi tun zamani mai nisa. A 2005 wasu likitoci suka wallafa labarin matasa 17 'yan Amurka da suka je aikin tsinkar mangwaro a Isra'ila, ƙuraje suka feso musu, alhali 'yan ƙasar da suka yi aikin tare da su ba abin da ya same su. Abin da ya raba su shi ne baƙin sun fito daga yankunan da wannan ciyawa da 'yan'uwanta suke. Da na karanta haka sai na yi tasbihi, ganin yadda Mahalicci Ya ƙulla nasaba tsakanin ciyawar dajin Amurka, da yazawar da Turawan Fotugal suka ɗauko daga Barazil, da mangwaron da asalinsa ƙasar Indiya ne, har hukuncin wannan nasaba ya zo ya bayyana a damtsen wani manomi a ƙasar Galadiman Katsina.

Yanzu ga yadda nake zaune da abin. Garkar na bar wa ƙannena kaɗonta, ni sai dai in tsaya daga nesa in yi lissafi da masu sari, kuma ba na zama inda ake ƙona ganyen mangwaro ko gasa yazawa, domin hayaƙin yana ɗauke da man. Idan tsautsayi ya sa danƙon ya taɓa ni, ba na jinkiri, sabulu da ruwa mai yawa nan take, har ƙarƙashin farce, riga da hula kuma su tafi wanki, saboda man yana daɗewa a tufa da jikin gora. Sha kuwa ban daina ba, alhamdu lillahi. A azumin 2023, wanda ya faɗo tsakiyar zafi, kullum gab da magariba 'yata takan wanke mangwaro, ta fere shi da kauri, ta ɗauraye wuƙar, ta yanka tsokar ƙanana a kwano, ta ce, "Baba, ga shi, da cokali za ka sha, kada ya taɓa leɓe." Ruwan ƙurajen kuma ba ya yaɗa ciwon, ba a ɗaukarsa a musafaha ko a kwano ɗaya, don haka babu dalilin ƙyamar mai shi.

Wajibi ne in ja kunne a kan abu biyu. Mayukan kemis masu ƙarfi da ake lafta wa fuska ba da umarnin likita ba suna sirantar da fata su bar wata sabuwar illa. Kuma akwai wani nau'i dabam, wanda mutum yana shan mangwaro cikin mintoci harshe ko maƙogwaro ya kumbura, numfashi ya sarƙe. Wannan ba a jiran gari ya waye, asibiti ake nufa a guje.

Dattijon nan maƙwabcinmu kuwa, na je har zaurensa na durƙusa na nemi gafara, ya yafe mini tun kafin in gama magana, Allah Ya saka masa da alheri. Ina roƙon iyaye da malaman allo da na boko a Funtua, Bakori, Danja, Kafur da Malumfashi, ku hana yara zanen yazawa a jiki, kuma idan kuka ga bakin yaro ya kumbura a wannan bazara, ku tambaye shi itacen da ya hau shekaranjiya kafin ku ambaci sunan kowa.