Ƙurji ɗaya, tib goma

Ƴan uwana mata, shekara shida ke nan ina riƙe da littafin zubi na ƙungiyarmu. Mai riƙon littafi tana ganin fuskar kowa duk mako, kuma ta san wadda zubi ya fara yi ma nauyi. Sau da yawa abin nan biyu tare suke zuwa: fuska ta cika da ƙuraje, dala ɗari ta mako kuma ta gagara, don kuɗɗin sun tafi wurin mai tebur ɗin man shafawa.

Abin daga ƙurji ɗaya yake farawa. Ƙurji ba ƙazanta ke kawo shi ba. Fata ce ke fitar da maiƙo, sai ƙofar gashi ta toshe, wurin ya kumbura. Shi ya sa ya fi damun ƴan mata masu tasowa, da mace in al'adarta ta kusa. Mu kuma muna taimaka mashi: man gashi mai kauri yana gangarowa goshi ƙarƙashin kallabi cikin zafin Afrilu, hodar buki a kwana da ita, tsumma ɗaya na goge fuska ga mutum biyar.

To, in ya fito, mi muke yi? Matsa. Sai dirza da soso da sabulun wanki har sau huɗu a yini, wata ta bi da lemun tsami, wata da man goge haƙori. Fatarmu baƙa ba ta mantuwa. Duk inda aka ji mata ciwo sai ta bar taɓo. Ƙurjin da zai tafi da kansa cikin ƴan kwanaki ya bar baƙin da zai yi watanni.

Nan mai tebur ke shigowa da ɗan tib ɗinsa, ya ce a haɗa da man shafawa, kwana bakwai taɓo ya ɓace. Kuma gaskiya makon farko fuska tana yin sumul, har a riƙa tambayarki mi kike shafawa. Abin da bai faɗa ba, ƙila shi ma bai sani ba, da yawa cikin tib ɗin nan kortizon ne mai ƙarfi, irin su kulobetazol da betametazon. Magani ne na likita, na ɗan lokaci, don wasu cututtukan fata. In aka daɗe ana shafa shi kullum, fata tana yin siriri, jijiyoyi su fito, nankarwa ta tsaga hannu da cinya, makero da ƙyasbi su samu wurin zama. Sannan ga nasa ƙurajen, ƙanana masu kai ɗaya, a fuska da ƙirji da baya. Ranar da aka bari kuwa, fuska ta ɗauki zafi da ƙaiƙayi, sai a koma a sayi wani. Wallahi bashin da ya fi wannan wuyar fita ban gan shi ba, ga shi ni aikina ke nan, lissafin bashi.

Abin bai tsaya a fata ba. Mai shafa shi a duk jiki shekara da shekaru yana shiga jininta, yana iya kawo hawan jini da ciwon suga, kuma rauni ba ya saurin warkewa, abin da ya kamata mai ciki ta yi tunani a kai in haihuwa ta zo da aiki. Kot Dibuwa ta hana sayar da irin waɗannan mayukan tun 2015.

Ban ga laifin mai son fuskarta ta yi kyau ba. Haushina yana kan masu ce ma yarinya “ki ɗan gyara kafin buki”, kuma galibi mu ne, iyaye da gwaggwanni.

Ɗiyata da nata suka fito, abin da ma'aikaciyar asibiti ta ce bai fi ƙarfin kowa ba. Wanke fuska safe da dare da hannu da sabulu marar zafi, tsummanta ita kaɗai, man kaɗe a bar ma ƙafa da hannu lokacin hunturu, yatsa kuma ya bar fuska. Ta rubuta mata magani na farmasi, ta ce kada mu sa ran ganin canji kafin mako 6 zuwa 8. Wadda ta riga ta daɗe a kan tib kuwa, kada ta yanke shi rana ɗaya ita kaɗai. Ta ɗauki kwalin ta tafi da shi asibiti, a karanta abin da ke ciki, a nuna mata yadda za ta rage sannu sannu.